Ranar da Yaya Ya Yi Mini Cinikin Madabod

A gidanmu da ke Dala, duk namijin da ya gama makaranta kanti yake zuwa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa tambayar inda ta samo asali. Kakanmu yadi ya sayar, Baba yadi yake sayarwa, yayana kuwa, wanda ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, tun kansa bai kai teburin awo ba yake naɗe shadda. Ni ne na gama difloma na dawo gida rungume da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu, na roƙi Baba ya ara mini ɗan ɗakin da ke jikin zaure, inda ake ajiye tabarmi da butoci, in buɗe wurin buga takardu. Ya ara mini, irin yadda ake ƙyale mai zazzaɓi har jikinsa ya sauka.

A lokacin sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, wani zaɓen kuma yana ƙaratowa. Siyasa ta buɗe wa kowa baki, ni kuma ta buɗe mini kasuwa. A layinmu kaɗai an kafa ƙungiyoyi har na daina ƙirgawa, kowace da ciyaman da sakatare da mai binciken kuɗin da ba a tara ba, kowace kuma tana son takarda mai tambari. Wannan kam kwamfutata tana iyawa. Abin da ya gagare ta shi ne fasta. Da zarar na ɗora mata hoton ɗan takara, sai ta tsaya cak, ta kama gurnani, kibiyar nan ta kan allo ta ƙi motsi. Akwai wani mai neman kansila da ya zauna a bencina tun hantsi har aka kira azahar yana jiran fuskarsa ta fito. Ta fito daga hula zuwa gira, sai aka ɗauke wuta. Mutumin ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya dubi kwamfutar ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Ya kai aikinsa wani wuri.

Labarin ya riga ni shiga cikin gida. Washegari bayan an karya kumallo Baba ya kira ni. Bai yi faɗa ba, Baba ba ya faɗa. Ya ce zai ba da kuɗin gyara sau ɗaya. In Babbar Sallah ta zo ɗakin nan bai fara riƙe kansa ba, tabarmi da butoci su koma wurinsu, ni kuma in bi yayana kanti. Na ce to. Ba raina sana'ar gidanmu na yi ba, ita ta ciyar da ni ta kuma biya mini makaranta. Amma aikin nan na ɗakin zaure ina son sa fiye da yadda na taɓa son wani abu, kuma tunanin in wuni ina miƙa wa mata turmin atamfa suna ƙwanƙwasa shi suna ajiyewa yana tayar mini da hankali.

Kuɗin da Baba ya ambata ba za su sayi sabuwar kwamfuta ba, don haka na shiga bincike. Sati biyu ina zarya zuwa wani kafe na intanet a wajen badala, inda shafi ɗaya kan buɗe a tsawon lokacin da mutum zai yi alwala ya dawo. A ƙarshe na gane ba komai ne ya tsufa a kwamfutar ba. Akwatinta lafiya lau, allon kallo lafiya lau, ma'ajiyar aiki ma tana da sauran numfashi. Abu biyu kawai zan sauya. Na farko furosesa, ɗan abu mai kusurwa huɗu da bai cika tafin hannu ba, shi ne ke yin duk lissafin. Na biyu madabod, wato faffaɗan allon nan na ciki da komai ke zaune a kansa.

Kamfani biyu ne ke yin furosesa a lokacin. Ɗaya sananne ne, shi ne mai takardar da ake mannawa a gaban akwati don baƙo ya gani. Ɗayan ba a cika jin sunansa ba, nasa ya fi araha nesa ba kusa ba, saurinsa kuma ya isa aikin fasta har da ragi, aibinsa kawai zafi, sai an haɗa masa da fanka mai kyau. Shi na zaɓa. Na kuma nemo madabod mai hoto da sauti a jikinsa, wanda zai karɓi tsohon ram ɗina, wato siririn katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa, don kada in sake sayen komai. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. A ƙarƙashin furosesa akwai ƙananan ƙafafu birjik kamar allurai, a jikin madabod kuma akwai ramukan da suke shiga. Ramukan kamfani ɗaya ba sa karɓar ƙafafun ɗayan. A ido kamar duk ɗaya ne, amma ba sa shiga. Na rubuta sunayen abu biyun a takarda da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar sayayya Baba ya miƙa kuɗin, amma ba ni ya miƙa wa ba. Yaya ya ba, ya ce ya raka ni. A gidanmu kuɗi ba ya fita kasuwa sai da ɗan kasuwa a tare da shi.

Dole in faɗi gaskiya a kan Yaya. Ban taɓa ganin mai ciniki irinsa ba, har yau. In yana taya kaya, mai kayan kansa yakan fara shakkar abin da yake sayarwa. Yana da ƙa'idoji da ya gada daga Baba ya kuma ƙara nasa a kai: ba a nuna wa mai kaya abin da aka zo nema, ba a sayen komai da komai a hannun mutum ɗaya don kada ya san zurfin aljihunka, ba a kuma gaya wa na biyu abin da aka saya wajen na farko. Kafin ya tayar da babur a ƙofar gida na miƙa masa takardata. Ya duba ta sama-sama, ya linke ta huɗu, ya cusa a aljihun gaba.

"Ka ji ko," ya ce. "In ina ciniki, ko gobara ce ta tashi a shagon, kada ka ce uffan. Kai ka san na'ura, ni na san mutane."

"To, Yaya."

Ba sai ya faɗa ba ma. Mun tashi a gidan da ƙani ba ya gyara wa wansa magana a gaban baƙo. In Yaya ya ce yau Talata alhali Laraba ce, sai ka bari baƙon ya tafi, sannan ka tambaye shi ko ya ga kalanda.

Layin masu kayan kwamfuta yana can wajen gari, shaguna ƙanana a jere, kowanne da janaretansa a bakin ƙofa. Shagon farko na wani mai tabarau ne, sa'an Yaya. Yaya ya fara da tambayar kuɗin firinta, ya koma kan lasifika, ya tambayi lafiyar iyali, sai can kamar abin da ya tuna a hanya ya zaro takardar ya karanta sunan furosesa, yana karyawa gaɓa-gaɓa. Mai tabarau ya ɗauko, ya kuma ɗauko madabod ɗin da ya dace da shi ba tare da an tambaye shi ba, daidai wanda na rubuta. Ya ce in an haɗa biyun zai yi ragi. Zuciyata ta yi fari ƙal. Yaya ya ture kwalin madabod ɗin gefe da bayan hannu.

"Wannan muna da shi a gida," in ji shi.

Aka shiga cinikin furosesa da fanka. Yaya ya taya, mai tabarau ya ce albarka. Yaya ya ce abu ne da bai kai girman akwatin ashana biyu ba. Ya miƙe sau biyu, sau ɗaya har ya kai bakin babur ya sa makulli. A ƙarshe mai tabarau ya sallama yana share gumi, ya ce wallahi don dai Juma'a ce gobe. Da muka fito Yaya ya dube ni ta gefen ido, ni kuma na gyaɗa kai, don gaskiya an yi ciniki.

Shago na biyu na wani mutumin kudu ne da ya fi mu iya Hausar kasuwa. Yaya bai fito da takardar ba ko kaɗan. Furosesan yana aljihun wandonsa, ya rufe da riga.

"Madabod nake so, mai kyau."

"Na wane furosesa, Alhaji?"

"Kai dai kawo mai kyau."

"Alhaji, iri-iri ne fa. Wane furosesa ne za a ɗora?"

Yaya ya yi murmushin wanda ya gano tarko. A ganinsa mutumin so yake ya san abin da muka riga muka saya da inda muka saya. "Wanda manya ke sawa," ya ce.

Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya hau kujera ya sauko da wani ƙaton kwali mai sheƙi. Tun daga tambarin da ke jikinsa na san na sanannen kamfanin ne. Yaya ya ɗaga kwalin ya jinjina nauyinsa, fuskarsa ta nuna gamsuwa, sai ya yi maza ya ɓata rai. Ya ce a buɗe. Mai shagon ya ce in an yage ledar ba a dawowa da shi. Yaya ya ce shi bai taɓa sayen yadi a naɗe ba, a buɗe. Aka yage.

Ina tsaye a bayansa ina kallon ramukan nan. Na buɗe baki.

"Yaya..."

Bai waiwayo ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya kawai, ya ci gaba da magana. Na rufe bakina. Zan so in ce na yi ta kokawa da zuciyata, amma ƙarya ne. Yatsan nan na tashi sai na ji wani irin sauƙi, kamar an sauke mini kaya. An ce in yi shiru, na yi shiru, laifi ya tashi daga kaina. Na tsaya na kalli Yaya yana yin cinikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa a kan abin da ba shi da amfani a gare mu. Ya sauko da kuɗin har ƙasa da na madabod ɗin shagon farko. Mai shagon ya rubuta rasit yana girgiza kai, ya ce Alhaji ka yanka ni.

A kan babur Yaya ya yi ta ba ni darasi, iska na kwashe rabin maganar. Ka ga da mun saya a wuri ɗaya da an ci mu. Ka ga wannan ya fi wancan girma kuma ya fi araha. A nan babu baƙo, daga ni sai shi sai bayan rigarsa, amma ban ce komai ba. Mutum yana cikin farin ciki irin wannan, ta ina za ka fara? Na ce bari mu wuce Ƙofar Mata. Muka wuce. Na ce bari mu isa gida. Muka isa, ya shiga ya gaya wa Baba har da canji ya dawo.

Kwana uku ina zaune a ɗakin da kwamfuta a buɗe, hanjinta a waje. Na jera sukudireba a kan tebur don a ga ana aiki. Baba yakan ratsa zaure in zai fita da in ya dawo, ya leƙo ya ce, "Ta tashi?" In ce, "Ana kai, Baba." Na ɗora furosesan a kan ramukan ya fi sau ashirin, na juya shi gabas, na juya shi kudu, ko Allah zai sa masu kamfanin sun yi kuskure. Ba su yi ba. Masu kawo aiki na zuwa ina mayar da su, don tsohon madabod ɗin ma na riga na kwance shi. Na ji haushin Yaya, na ji haushin mai shagon, na ji haushin Turawan da suka kasa haɗa kai a kan ramuka. Kaina ne kawai ban samu lokacin jin haushinsa ba.

Rana ta huɗu Yaya ya shigo da hantsi kafin ya wuce kanti. Ya tsaya a kaina ya kalli teburin.

"Wai har yanzu? Abu biyu ne fa kacal."

"Ana kai, Yaya."

"Matsa."

Ya ɗauki furosesan, ya ɗora a kan ramukan, ya ga bai zauna ba. Ya ce sabon abu haka yake, sai an danna. Ya gyara tsayuwa, ya ɗora babban yatsansa a kai, yatsan da ke tsinka zaren bandir ba almakashi. Na san in ya danna, ƙafafun nan za su lanƙwashe gaba ɗaya, abu ɗaya mai amfani da muka saya shi ma ya tafi. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. Tunda aka haife ni ban taɓa riƙe Yaya haka ba. Muka tsaya muna kallon hannun, ni da shi.

"Ba zai shiga ba, Yaya. Ba nasa ba ne. Wannan na wani kamfani ne, wancan na wani."

Ya zare hannunsa a hankali. "Yaushe ka gane?"

Da na ce jiya, da an wuce wurin. "Tun a shagon," na ce.

"Tun a shagon," ya maimaita.

"Ka ce kada in yi magana."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai mare ni, kuma da ya mara da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Kana tsaye a bayana, ka san abin banza nake taya, ka bar ni ina ta zuba kamar mahaukaci a gaban mutum. Wannan shi ne ladabin?" Ya mayar da madabod ɗin cikin kwalinsa, ya ce in hau babur.

Mutumin kudun ya tarbe mu da fara'a, ya saurari bayani har ƙarshe, sannan ya nuna ledar da aka yage ya nuna rasit. Ya ce Alhaji sau biyu na tambaye ka. Na zuba ido in ga yadda Yaya zai juya shi. Amma Yaya ya sha gaya wa mata cewa yadin da aka yanka ba ya dawowa, kuma bai taɓa sassautawa ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarka," ya ɗauki kwalinsa.

A ƙofar shagon mai tabarau ya tsaya, ya miƙo mini kwalin.

"Shiga gaba. Kai za ka yi magana."

Na shiga, na faɗi abin da ya faru. Mai tabarau mutumin kirki ne, bai tuna mana cewa muna da shi a gida ba. Ya ce zai karɓi namu a matsayin na hannu tunda an buɗe, ya ba mu wanda ya dace, a yi masa ciko. Ya faɗi cikon. Yaya ya sa hannu a aljihunsa, nasa na kansa, ya biya yadda aka faɗa. Bai taya ba, bai miƙe ba, bai tambayi lafiyar iyali ba. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da ya gaya mini a ɗaki.

Kafin la'asar furosesan ya faɗa cikin ramukansa da kansa, ko dannawa ban yi ba. Na ɗaura fanka, na mayar da ram, na kunna. Na ɗora mata hoton wani mai neman ɗan majalisa, ya fito gaba ɗayansa har da carbi, kafin in gama gyara zama. A sati ukun da suka biyo baya na buga fuskokin mutane har na fara ganin su in na rufe ido. Ɗakin ya riƙe kansa tun kafin a fara kawo raguna unguwa.

Na ɗauka maganar madabod ta mutu tsakanina da Yaya. Ashe ya gaya wa Baba tun a ranar, bai rage komai ba, har da tasa wautar. Baba bai ce mini komai ba sai da aka kwana biyu da Sallah, bayan wa'adin ya cika. Ya kira mu mu biyu bayan la'asar, yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida. Na zo da bayanina a shirye, irin ayyukan da na samu da waɗanda ke jira. Bai tambaya ba.

Ya fara da Yaya. Ya ce wanda bai san kaya ba ya tambaya, ba a ciniki da girman kai. Yaya ya ce haka ne. Sannan ya juyo kaina.

"Kai kuma an ce ka sani."

"Na sani, Baba."

"Ka ga dukiya za ta salwanta, ka san hanyar tsare ta, ka yi shiru don kada a ce ba ka da kunya." Ya dubi Yaya, kamar ba na wurin. "Irin wannan in na zaunar da shi a kanti, ana kwashe kaya yana sunkuyar da kai. Ba ni da wurinsa. A bar masa ɗakin."

Na ce na gode, Baba. Abin da na yi watanni ina roƙon Allah a kai ke nan, an ba ni shi ɗungurungum, ba wa'adi ba sharaɗi. Na tashi na koma ɗakina na zauna a gaban kwamfutar, fankar nan tana ta juyawa, na ji ƙwalla ta cika mini ido, kuma ba ta murna ba ce.

Na yi shekara goma sha wani abu a ɗakin nan, a cikinsa na yi aure, a cikinsa na sayi fili. Baba yakan turo mini abokansa su buga katin ɗaurin aure, yakan kuma gaya musu cewa na iya aikina. Amma har Allah ya karɓi ransa, bai taɓa cewa in je in tsare masa kanti ba, ko da na tsawon sallar azahar ne.